Ciwon Damuwa Ya Zama Hajar Kasuwa, Kowa Ya Kau da Kai

Duk mai kunna rediyo bayan sallar isha'i a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san muryar da nake nufi. Mai magani ne ya sayi fili na rabin sa'a. Zai buɗe da sallama da salati, sannan ya shiga jero cututtuka: basir, sanyin mara, hawan jini, ciwon suga, ƙarancin kuzari. A 'yan shekarun nan an ɗora sabuwar haja a kan tsofaffin: damuwa, fargaba, faɗuwar gaba, yawan tunani, rashin barci. Kwalba ɗaya ce tak, wai cikin kwana bakwai za ta share su duka. Ya karanto lambar waya sau uku, ya ce ana aikawa kowane gari ta mota. Ka kashe rediyon ka ɗauki waya, ga ƙannensa nan a Facebook da TikTok, wani da farar jallabiya, wani da farar rigar likita, bayansu kanta cike da robobi. Ranar kasuwa kuma ga motarsa da lasifika a bisa, yana kwarara ihu har la'asar.

Abin nan yana ƙona min rai, kuma na gaji da ganin kowa ya kau da kai. Mutumin da ciwon damuwa ya danne ba shi da ƙarfin tantance gaskiya da ƙarya a lokacin. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Duk wanda ya san haka kuma ya mai da shi hanyar cin abincinsa azzalumi ne, komai tsawon gemunsa, komai yawan takardun da ya liƙa a bangon shagonsa.

Kada wani ya yi saurin cewa ga ɗan boko ya zo zagin maganin iyaye da kakanni. Da surace na ganyen darbejiya da jiƙon sabara aka raine ni, kamar yawancin masu karanta wannan shafi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rubuta mana a asibiti yau ma daga ganyen wata shuka ta ƙasar Sin aka tace shi, 'yar uwar tazargade, kuma matar da ta yi aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. Amma an gwada waɗannan a kan dubban mutane, an san adadin da ke warkarwa, an san adadin da ke kisa, an san wanda bai kamata ya sha ba. Garin da ke ƙulle a ledar mai lasifika fa, wa ya auna shi? Tambaye shi cokali nawa mai ciwon ƙoda zai sha, ko mai juna biyu, amsarsa ɗaya ce: ai na itatuwa ne, ba ya illa. Zaƙami ma tsiro ne, kuma kowa ya ga yadda yake mai da lafiyayyen saurayi mai tsince-tsince a bola. Kwankwani ma tsiro ne, da shi maharba ke dafa dafin kibiya.

Yawancinmu ba mu ma san kamannin ciwon ba. Mutum ne zai yi mako biyu, uku, wata guda, zuciyarsa a cushe. Abin da da yake faranta masa rai ya fita daga kansa. Abinci ba ya shiga. Barci ya ƙaurace, ko ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa. Jiki ya mutu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani ga kowa, wani har ya ji gara a ce ba ya duniya. Fargaba kuwa da bugun zuciya take zuwa, da gumi, da karkarwa, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, mutum ya sakankance ajalinsa ne ya zo. Jim kaɗan ta lafa, gobe ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke fama da na farkon, miliyan 301 kuma da na biyun, a lissafin 2019. Sai dai Bahaushe ba ya zuwa ya ce ina da damuwa. Cewa yake yi kaina yana zafi, wani abu yana yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi, gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili. Mai kemis ya haɗa masa maganin taifot da maleriya. Ya dawo, a ce ulsa ce. Ya sha, ya sha, ba sauƙi, sai 'yan uwa su dubi juna su ce, wannan fa ba ciwon asibiti ba ne. Daga ranar da aka furta wannan magana 'yan kasuwa sun samu nasu.

Na ga yadda abin ke tafiya a kan wata yarinya a unguwarmu, haihuwar fari. Bayan suna da 'yan makonni ta daina magana, ta daina cin abinci. Jariri yana kuka tana kallonsa hawaye na zuba, tana cewa ita ba ta iya riƙon ɗa ba, ba ta cancanci a ba ta shi ba. Duk ungozomar da ta samu horo ta san wannan. Damuwar bayan haihuwa ce, a ƙasashe irin namu tana taɓa kusan mace ɗaya cikin biyar, kuma ana warkewa. Dangin miji suka ce sammu ne. Dangin uwa suka ce iska ce ta shafe ta a banɗaki. Aka kawo mai ruƙiyya. Ya zaunar da ita a tabarma, ya ɗiga mata wani mai mai yaji a hanci, tana tari tana kuka, yana daka mata tsawa a kunne: faɗi sunanka, wa ya turo ka? Da azaba ta ishe ta sai ta ambaci wani suna don a ƙyale ta, ɗaki ya ɗauki kabbara. Aka lulluɓe ta da bargo aka tura kaskon hayaƙi ciki. Aka sayar da akuyarta aka biya zama na biyu da na uku, haɗe da robar zuma da man zaitun da habbatus sauda, waɗanda dole a wurinsa za a saya. Sunan da ta ambata ya yi kama da na wata 'yar uwar mijin, har yau gidajen biyu ba sa ga maciji. Sai da gwaggonta, ma'aikaciyar jinya, ta zo daga wani gari ta ɗauke ta da faɗa ta kai ta asibiti. Aka ba ta ƙwaya mai arha, aka mayar da ita gaban mahaifiyarta, ana karɓar mata yaron da dare tana samun barci. Kafin yaron ya fara zama ta dawo hayyacinta.

Ba da addu'a nake faɗa ba. Karatun Alƙur'ani da zikiri da tsayuwar dare suna kwantar da zuciya, wanda ya ɗanɗana ya sani. Ruƙiyya kuwa mutum yana yi wa kansa a kan shimfiɗarsa, uwa ta yi wa 'yarta, ba kuɗin kati ba kuɗin zama. Faɗana da wanda ya mai da ita kanti ne, da kuma mai wa'azin da zai hau mumbari ya ce mumini ba ya shiga damuwa, duk wanda ya shiga imaninsa ne ya yi rauni. Malam, ka san abin da wannan magana take yi wa marar lafiya? Da ma ciwon yana raɗa masa dare da rana cewa shi ba komai ba ne, sai ga shi ka tabbatar masa har a wurin Ubangijinsa ma ya faɗi. To ina ka ajiye Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya kai shi ga rasa gani? Ina ka ajiye shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wadda malaman tarihi suka sa wa suna shekarar baƙin ciki? Wa zai buɗi baki ya ce imani ne ya yi ƙaranci a can?

Magabata sun fi mu sanin wannan al'amari. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi sukutum a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar mutuwa ko asara, wanda ake tarar sa da nasiha da gyaran tunani, da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, wanda ya ce tushensa a jiki yake, sai an haɗa da maganin likita. Yau fiye da shekara dubu ke nan. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ko talbinar da ake ƙulla mana a leda da tsada, ai kunun sha'ir ce da Nana A'isha kan sa a dama wa mutanen gidan da aka yi rasuwa. Dama ta ake yi a ba wanda ke cikin baƙin ciki, ana zaune tare da shi. Mun riƙe garin, mun watsar da zaman.

Inda hanyar 'yan kasuwar nan take ƙarewa kuwa duk mun gani da idonmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata guda bai cika ba aka fasa wani a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biya duk wata, da sunan gyaran hali da neman waraka. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta zagaya wurare 28 a jihohi takwas da Abuja, ta tarar ana ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa da sarƙa a gidajen bokaye, da na malamai, da majami'u, har da cibiyoyin gwamnati. Muka yi surutu na mako biyu, muka koma harkokinmu. Ɗan Adam da Allah ya karrama, a ɗaure shi da turke saboda ba shi da lafiya, kuma a kira wannan magani!

Masu kuɗi da 'yan boko kada su ɗauka sun tsira. Nasu 'yan kasuwar da Turanci suke zuwa, da kwalabe masu sheƙi daga Dubai da Indiya da Amurka, a Instagram. Akwai wani ganyen Turai da ake kira St John's wort. Gaskiya ne bincike ya nuna yana taimaka wa mai damuwa marar tsanani. Abin da mai tallar ba zai gaya miki ba, Hajiya, shi ne ganyen yana sa hanta ta riƙa saurin fitar da wasu magunguna daga jiki. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa za ta iya ɗaukar ciki. Mai shan maganin ƙanjamau, maganin zai iya daina riƙe cutar. Mai shan maganin tsinka jini yana cikin haɗari. In kuwa aka haɗa shi da ƙwayar damuwa ta asibiti, yana iya kai mutum ga gadon gaggawa. Shi ya sa tun shekarar 2000 ƙasar Ailan ta hana sayar da shi sai da takardar likita. Ashwagandha da ake yayi yanzu, Danmak ta haramta sayar da ita a 2023, kuma likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton mutanen da ta taɓa wa hanta. Ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji suna taka tsantsan, mu kuma ana aiko mana a mota kamar kayan miya.

Sai ka ji an ce ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Mai karatu, ɗauki kwalbar ka duba da kyau. Lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya ta wucin gadi ce, da harafin L a ƙarshe, kuma abin da take nufi shi ne an duba ba a ga guba a samfurin da aka kawo ba. Ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa. Doka ma ta wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ana rubutawa, da ƙananan haruffa, da Turanci, ga mutanen da yawancinsu ba sa karanta Turanci. Shi kuma tsufan al'ada ba ya wanke ta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano alaƙar ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego da yawan kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Kakanninmu da kyakkyawar niyya suka yi, amma mata sun mutu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, akwai hanyoyin da ba na ƙwaya ba waɗanda aka gwada aka tabbatar suna aiki, kuma ba wanda ke sayen fili a rediyo ya faɗe su, don ba a samun ko sisi a kansu. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 218 da aka yi a kan mutum fiye da 14,000, aka ga tattaki da sassarfa da ɗaga nauyi suna rage ciwon damuwa raguwa ta gaske. Tafiya da ƙafa, da sassafe, a fita a ga rana. Barci a kan lokaci, a ajiye wayar nan da ake riƙe da ita har ƙarfe biyun dare ana kallon gawarwakin da aka ɗauko daga ƙauyuka. Mai bugun zuciya ya rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari, don sinadarin da ke cikinsu yana ƙara bugun. Samarin da ke cewa wiwi ganye ce, tana kwantar da hankali, su je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau su ga inda ta kwantar da wasu. Na san za a ce matar da ke cikin gida ina za ta yi tattaki. Tambaya ce mai kyau, kuma maigida ya kamata ya amsa ta. Ka ajiye 'yar mutane a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ba maƙwabciya, ba zuwa unguwa, ka fita tun safe sai goman dare, sannan in ta fara kuka ba dalili ka ce aljani ne ya aure ta.

Mafi girman maganin kuwa shi ne a samu wanda zai zauna ya saurari mutum, kuma an gwada wannan a wuraren da suka yi kama da namu. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya ga ƙasarsa ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa sai 'yan ƙalilan. Sai ya tara tsofaffin mata masu aikin lafiya a unguwanni, ya koya musu yadda za su saurari mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, su taya shi baje matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, su lalubo tare abin da zai iya yi a kanta a wannan makon. Aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Zama shida ne kawai. Da aka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2016, cikin mutum 573, bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka zauna da tsofaffin ke da sauran alamun damuwa, a waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kashi 50. A ƙauyukan Rawalpindi na Fakistan, inda mata ke zaune a gida kamar namu, aka horar da ma'aikatan lafiya mata suna bin masu juna biyu da ke fama da ciwon damuwa gida-gida suna irin wannan hira da su. Sakamakon ya fito a The Lancet a 2008: bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin ɗari na matan ne ke da sauran ciwon a ƙauyukan da aka yi hirar, kashi 53 a waɗanda ba a yi ba. Yanzu a gaya min, tsofaffin mata masu hankali ne muka rasa a Arewa? Malaman Islamiyya mata ne babu, ko ungozomomi? Benci ne ya gagare mu?

Ba ma sai mun tsallaka teku ba. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marar lafiya, sai a sauke shi a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa, ya je asibiti da rana ya dawo cikin mutane da yamma, kuma Lambo ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka buga wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke shiga gidajen masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba masu taɓin hankali, suna ba su magani a can. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Ke nan malamin kirki da mai maganin kirki suna da gurbi. Mutane sun yarda da su, su ake fara zuwa wa. Na kirkin shi ne wanda zai yi addu'arsa, sannan ya ce wa dangi ku tashi ku kai shi asibiti, ni ma zan biyo ku. Wanda ya ce a zubar da ƙwayar likita don tana hana aljani fita, ran mutum yake wasa da shi.

Domin akwai inda tattaki da hira ba sa isa. Wanda ya daina ci da sha, wanda ya kasa tashi daga shimfiɗa, wanda ya fara zancen mutuwa ko rabon kayansa, mai jego da ke tsoron kada ta cutar da jaririnta, wanda ke jin muryoyi, waɗannan asibiti ne wurinsu, a ranar. Wani ma in an auna jininsa sai a tarar ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo ke jawo masa kasala da bugun zuciya. Ƙwayoyin damuwa ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji canji, ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita. Suna da nasu illolin, likita ya san su, yana faɗa. Ana tsoratar da mutane cewa in ka fara ka zama ɗan ƙwaya. Wannan magana a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ɗaya cikin huɗu mace ce! A ƙasar da sai da BBC ta tona asirin kodin a 2018 kafin gwamnati ta hana shi! Matan auren da ke shan kodin da baliyam a ɗaka, da samarin da ke haɗiyar tiramol, da yawansu ciwon da aka hana su ambata suke ƙoƙarin kashewa da kansu.

Su kuma masu mulki, su suka share wa 'yan kasuwar nan fili. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kayansu suna tafiya Ingila da Saudiyya. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano. Mutumin Zurmi ko Birnin Gwari da wane kuɗin mota zai je, ta wace hanyar da ba a tare ta? Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, da dokar mahaukata ta 1958 muke aiki, wadda ita ma gyaran ta Turawan mulkin mallaka ce ta 1916. Sabuwar dokar ba ta taɓa sashe na 231 na tsohon kundin Final Kod ba, wanda ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Mutum ya kai maƙura a ciwo, Allah ya kuɓutar da shi, mu kuma mu miƙa shi ga ɗan sanda. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. A nan Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, mu masu masaukin baƙi har yau a wajen kashi 5 muke shawagi.

Kuma kada a raina mana hankali da zancen shayin ganye alhali an san abin da ke hana mutane barci. Manomin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar 'yarsa, matar da aka yanka mijinta a gabanta a Borno, magidancin da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wane jiƙo za a ba su? Tsaro suke bukata, da abinci, da ɗan uwa mai taya su ɗaukar nauyi, da ma'aikacin lafiya a asibitin unguwa wanda aka koya wa gane ciwon in ya gan shi. Littafin koyar da hakan yana nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi tun 2010 don ƙananan ma'aikata. Gwamnan da ya iya rabon motoci ga 'yan majalisa ya iya horar da ma'aikaci ɗaya a kowace mazaɓa.

Masu gidajen rediyo, kuna da hannu dumu-dumu. Kun san ba a tallar magani sai da izinin NAFDAC, kun kuma san abin da ake faɗa a filayen da kuke sayarwa. Ku nemi takardar kafin ku karɓi kuɗin, ku ba likita ko da minti goma ya yi wa jama'a bayani da Hausa. Limamai, huɗuba ɗaya da za ta gaya wa mutane cewa wannan ciwo ne kamar hawan jini, neman maganinsa ba ya warware tawakkali, za ta kai inda likita ɗari ba za su kai ba. Kai kuma mai karatu, in akwai wani a gidanku da ya yi shiru kwana biyu, ya daina fita, ya daina ci, kada ka tura kuɗi ga mai lambar waya. Je ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi abin da ke damunsa, ka bar shi ya faɗa har ya gama. Ka ja shi ku taka zuwa masallaci ko bakin kasuwa. In ya ambaci mutuwa ko sau ɗaya ne, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kai shi asibiti a ranar.